Ranar da Na Tambayi Kawu Rabin Injin Ruwa

Injin jan ruwa ne, ja, an girke shi a gaɓar kogi ƙasa da Mai Wurno, ƙarƙashin wata rumfar kara da ake sabuntawa duk bayan damina. Mu a nan babur muke kiransa. Da ƙararsa na girma. Tun daga tsakar gidanmu ana jin bugunsa in iska ta taso daga kogi, kuma da wannan bugun Inna take sanin ko za ta aika wa Baba abinci lambu ko zai dawo ya ci a gida.

Mutum biyu suka saye shi. Baba ya yi kaka huɗu yana tsinkar auduga a gonakin Jazira, ya haɗa abin da ya tara da kuɗin bijiminsa ɗaya. Kawu, yayan Inna uwa ɗaya uba ɗaya, ya kawo ribar albasar da yake kaiwa kasuwar Rufa'a. Lambun Kawu na ayaba shi ne a bakin ruwa, namu na lemun tsami yana bayansa, itace arba'in. Ruwan yakan bi jadwal, wato 'yar magudanar da aka haƙa ta gefen ayabar, ya iso wajenmu. Abin da ya ragu su sayar wa maƙwabta.

Ina aji shida na firamare ciwon baya ya kama Baba. Ɗaga bututu da jarkokin mai ya gagare shi, shi kuma ba mutum ba ne da zai zauna wani na yi masa aiki yana karɓar riba. Shi ya ce a raba tarayyar. Aka zauna ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidan Kawu da dattawa uku, ciki har da Baba Liman. Aka tsayar da cewa babur zai zauna hannun Kawu, kuɗin ruwan da ake sayarwa nasa ne, amma rabin Baba yana nan har ranar da Kawu ya biya shi. Kafin nan kuma ruwa zai riƙa zuwa lambunmu sau biyu a mako. Baba Liman ya ce a rubuta. Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Da yayan matata zan yi takarda?" Aka ja Fatiha aka tashi.

Ni kuwa na rubuta. Tun ina ƙarama magana a gaban mutane takan shaƙe ni, sai na koma ga wani littafi mai baƙin bango da malamarmu ta ba ni, ina zuba duk abin da ya faru a yini. Ranar da kogi ya fara cika, ranar da akuyarmu ta haihu, wanda ya zo gidanmu da abin da ya ce. Ranar rabuwar na leƙa ta bayan zana na saurara, da yamma na rubuta ta da rana da wata da shekara.

Shekaru suka yi ta tafiya, Kawu bai biya ba, Baba bai tambaya ba. Wanda bai san gidanmu ba zai ce mantawa ya yi. Bai manta ba. Baba bai taɓa kiran sunan Kawu ba, ba ya cin abinci a gabansa, in sun haɗu a hanya yakan rage tsawo ya gaishe shi yana kallon ƙasa. Mutumin da ba zai iya haɗiye loma a gaban surukinsa ba, ta ina zai buɗe baki ya ce masa a ba shi haƙƙinsa? Ruwa dai yana zuwa, lemu yana yin 'ya'ya, da kuɗinsa ake sayen maganin Baba, da shi aka kai ni jami'a.

Ina shekara ta uku a jami'a ɗan Kawu na fari ya dawo daga Khartum, da baƙin tabarau da waya biyu. Ya karɓi harkar lambun daga hannun ubansa. Ya ce babur ya tsufa yana shan mai, sayar da shi za a yi a kawo inji mai aiki da rana. Kafin a kai ga haka ya sa aka jera buhunan laka a bakin jadwal ɗinmu. Da na dawo hutu na tarar da ganyen lemun ya nannaɗe, ƙasa ta tsage, Baba na zaune a kan tushen wani itace yana murza busasshen ganye a tafin hannunsa.

Kwana tara na yi ina roƙonsa kafin ya yarda mu shiga mota zuwa Sennar mu ga lauya. Ya yarda ne a kan tambaya kawai za mu yi, ba ƙara ba.

Ofishin yana saman wani kantin magani, ɗaki ɗaya da fanka mai kuka. Lauyan dattijo ne, ya saurari Baba da Larabci bai katse shi ba, sannan ya tambaya, "Yaushe kuka rabu?"

Baba ya ce, "Zai kai shekara shida, ko bakwai."

Ni da ba na son a faɗi abu a karkace, na zaro baƙin littafina daga jaka, na buɗe, na karanta masa ranar daidai. Lauyan ya ja kalanda, ya ƙirga da bakin biro, ya sake ƙirgawa, ya ajiye biron.

Ya ce, "Kun makara, ya Hajji. In abokan tarayya suka rabu, doka tana ba kowannensu wa'adi ya nemi abin da yake bi. Ƙirgen yana farawa ne daga ranar rabuwa. Naku ya cika shekara ɗaya da wata biyar da suka wuce."

Na kalli littafin da ke kan cinyata. Da hannuna na miƙa ranar da ta rufe mana ƙofa. Lauyan ya lura, ya ce kada in damu, ko ban faɗa ba ɗaya ɓangaren zai tono ta. Wannan bai sanyaya mini rai ba. Abin da ya fi ƙona ni fuskar Baba ce. Na ga kafaɗunsa sun sauka, ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "To, alhamdu lillahi. Allah ya raba." Daɗi ya ji. An sauke masa nauyin tsayawa gaban surukinsa, ko da itacensa arba'in za su mutu.

Ban san inda na samo muryar ba, na ce, "Ustaz, ko zan iya ganin inda aka rubuta?"

Ya yi murmushi, ya ciro wani littafi mai kauri ya buɗe mini. Na karanta sau uku a hankali, da yatsa a ƙarƙashin layi, kamar yadda nake yi in jarrabawa ta matso. Ban ga inda aka ce haƙƙi ya mutu ba. Abin da na fahimta shi ne kotu ba za ta saurari ƙarar ba in wanda ake bi ya musa. A gaba kaɗan kuma na ga in ya amsa da bakinsa cewa ana binsa, ƙirgen yana komawa farko.

Na ce, "Kenan in Kawu bai musa ba?"

Ya ce, "Daidai kika karanta, ya binti. Amma wa zai amsa abin da zai ci shi? Ɗansa ya yi zaman birni, ya riga ya gaya masa ya kama bakinsa."

Na roƙe shi ya faɗa mini yadda ake rubuta irin wannan amsar. Ya faɗi layi uku, na kwafe a farar takarda, na bar wurin sa hannu. Baba yana bakin ƙofa yana neman takalminsa, ya yi kamar bai gani ba. Sai da motarmu ta komawa gida ta wuce ta gefen madatsar ruwan Makwar, ruwa shimfiɗe har iyakar gani, ya yi magana ba tare da ya juyo ba. "Magana ta ƙare. Kada in ji ta a bakinki."

A gida na sami Inna tana tankaɗe. Na gaya mata komai. Ta ce, "Wancan yayana, wannan mijina. Da wane bakin zan yi magana, ɗiyata?" Ta ci gaba da tankaɗenta, amma garin yana zuba gefen tabarma ba ta gani.

Kwana uku ina juya abin. Kowa a gidanmu kunya ta ɗaure shi. Baba ba zai yi wa surukinsa magana ba, Inna ba za ta tsaya tsakanin yayanta da mijinta ba, ni ba a san ni da ɗaga ido gaban manya ba. Mutum ɗaya kaɗai ne a duk dangin da al'ada ta sakar mini baki a kansa, shi ne wanda ya toshe jadwal ɗin. Shi ɗan namiji, ni 'yar mace, taubasai muke. Tun muna yara baiwarsa yake kirana, yana ƙwace mini littafi, ni kuma ina da izinin in ce masa duk abin da na ga dama a gaban kowa, in ya yi fushi shi za a yi wa dariya. Shekara ashirin da ɗaya ina da wannan izinin ban taɓa taɓa shi ba. In ya tsokane ni murmushi nake yi in wuce.

Na jira ranar yankan ayaba. A ranar babbar mota takan zo daga Sennar, leburori su cika lambun, kuma Kawu ba ya bari a ɗora komai sai Baba Liman ya zo ya yi addu'a an ba shi nonon ayaba na farko. Cikin dattawa ukun da suka zauna ƙarƙashin darbejiya shi kaɗai ya rage da rai.

Da hantsi na yafa tob ɗina, dogon mayafin da matanmu suke naɗawa, na sa takardar da biro a cikin baƙin littafin, na ce wa Inna zan je duba lemu. Ban yi ƙarya ba, ta cikinsa na bi.

Na tarar an yi addu'ar. Kawu da Baba Liman suna zaune a tabarma kusa da rumfar babur, babur yana ta bugu, leburori na wucewa da ayaba a ka. Taubashina yana tsaye jikin mota yana ƙirga kaya. Shi ya fara hango ni.

Ya ɗaga murya, "A'a! Jama'a ku ba da hanya, baiwata ta zo aiki. Ku ɗora mata biyu, kanta ya saba da ɗaukar littattafai."

Aka yi dariya. Na ce, da ƙarfin da ni kaina ya ba ni tsoro, "Wane irin ubangiji ne ke hana bayinsa ruwa? Kai dai mai gadin jadwal ne."

Dariyar ta fi ta farko. Wata tsohuwa mai sayar wa leburori shayi ta tafa hannu.

Ya zare tabarau. "Ikon Allah. Ashe tana da murya? Na ɗauka jami'a ta karɓe harshen a madadin kuɗin makaranta."

"Shekara nawa ka yi a Khartum? Abin da ka koyo kenan, toshe rami da laka? Ai ko kwaɗon bakin kogin nan ya iya, bai kuma biya kuɗin mota ba."

Direban ya kwanta a kan sitiyari yana dariya. Taubashina ma ya yi, don ba shi da wata hanya. Ya ce, "To baiwa, yau me kika ci?"

"Ban ci komai ba. Harshen ajiye shi na yi, kamar yadda Babana ya ajiye rabin babur ɗinsa a wajenku. Na zo ne in ga ko ajiyar tana nan."

Dariyar ta yanke. Ya matso kusa da ni ya rage murya. "Wannan kuma ba wasa ba ne."

Tsohuwar mai shayi ta ce, "Kai, taubashiyarka ce, ba a yi mata fushi. Kai ka fara."

Ya waiga ya ga idanu a kansa. Ya ce, "Halas, shi ke nan. Wannan magana lokacinta ya wuce. Je ki Sennar ki tambayi lauya."

Na ce, "Na je. Na tambaya."

Iyakar inda wasa zai kai ni kenan, na kuwa sani. Ya buɗe mini maganar a gaban mutane, ta yadda ba wanda zai ce bai ji ba, amma abin da ya rage ba wasa a cikinsa. Na wuce shi, na tuɓe takalmi, na durƙusa a gefen tabarma. Na gaishe da Baba Liman, na gaishe da Kawu. Kawu yana jan carbi, bai kalle ni ba.

Ya ce, "Ubanki ya aiko ki?"

"A'a, Kawu. Hana ni ma ya yi."

"Uwarki?"

"Ba ta san na iso nan ba."

"To mi ya kawo ki?"

"Tambaya ɗaya, Kawu. Babur ɗin nan naka ne kai kaɗai?"

Taubashina ya iso kanmu. "Baba, kada ka ce komai. Ka yi shiru kawai, doka tana wajenmu."

Ban ɗaga kai ba, tabarmar nake kallo, amma ban tsaya ba. Na ce, "Kawu, na karanta dokar da idona. Ba ta ce rabin Baba ya zama naka ba. Cewa ta yi kotu ba za ta saurare mu ba in ka ce ba mu da komai. To ka faɗa. Ga Baba Liman da ya ja Fatiha a ranar. In ka ce babu, wallahi zan tashi in koma gida, lemun ya ƙarasa bushewa, ba wanda zai ƙara jin maganar nan a bakina."

Carbin ya tsaya. Kawu ya ɗaga hannu ya ce a kashe babur. Wani lebura ya ruga ya kashe. Ban taɓa jin bakin kogin nan shiru haka da rana ba, har ana jin ruwan da ya rage a bututu yana komawa ƙasa. Baba Liman ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya wajen Kawu, ya jira.

Kawu ya ajiye carbin a tabarma. Sannan ya ce, "Rabinsa na mijin ƙanwata ne. Ban taɓa cewa ba nasa ba ne."

Baba Liman ya ce, "Na ji."

Na buɗe littafin na zaro takardar. Kawu ya kalle ta, sai a lokacin ya kalle ni.

"Takarda kuma? Ubanki ya ƙi takarda."

"Shi ya ƙi, Kawu, ni ban ƙi ba. Fatiha ta ishe ku ku biyu. Ba ta ishi buhunan lakar can ba."

Na ɗauka zai mare ni, na kuma shirya. Ya karɓa ya miƙa wa Baba Liman ya karanta a bayyane, layi ukun nan. Ya sa hannu da manyan baƙaƙe irin na allo. Baba Liman ya sa nasa a ƙasa, direban motar ma ya sauko ya sa. Na rubuta ranar da kaina. Taubashina ya mayar da tabarau ya ce, "An gode, baiwa." Ba wanda ya yi dariya.

Labarin ya riga ni isa gida. Inna tana kuka a madafa. Baba ya saka babbar rigarsa ya tafi gidan Kawu, aka ce durƙusawa ya yi a ƙofa yana ba da haƙuri a kan rashin kunyar ɗiyarsa. Ya dawo bai yi mini faɗa ba, bai kuma yi mini magana ba har mako uku. Ina kai masa ruwan alwala ya karɓa yana kallon wani wuri. Amma ya san takardar tana cikin akwatina, bai taɓa cewa in yaga ta ba.

Ranar Alhamis aka kwashe buhunan. Na tsaya a bakin jadwal na ga ruwan yana tafe a hankali, yana tura busasshen ganye a gabansa, ƙasa tana shanye shi kafin ya yi taku goma. Itace goma sha ɗaya ba su farfaɗo ba. Ashirin da tara suka yi sabon toho. Da waɗannan na koma jami'a.

Har yau in na gaishe da Kawu da kalma ɗaya yake amsawa. Taubashina ya daina kirana baiwa, yana kirana da sunana kamar baƙuwa, kuma ban zaci hakan zai yi mini ciwo ba, ya kuwa yi. A gidajen biki ina jin mata suna nuna ni, wai ga wadda ta tsare kawunta gaban leburori. Wata gwaggona ta ce karatu ne ya cire mini kunya. Ni dai ban yarda ba. Kunyar da Baba ya riƙe shekara da shekaru ban raina ta ba, na san daga girmamawa ta fito. Sai dai doka ba ta san da ita ba. Ita ƙirga kwana kawai take yi, kuma duk ranar da Baba ya sunkuyar da kai gaban surukinsa an ƙirga ta a kansa.

Ba a sayar da babur ba, don yanzu sai da yardar Baba, shi kuma bai ce a sayar ba, bai ce a biya shi ba. Ya koma yadda yake. Ƙirgen dai ya fara sabo daga safiyar yankan ayaban nan. Na zauna da kalanda na lissafa ranar da zai cika, na rubuta ta da jan biro a cikin bangon littafina, inda nake ganinta duk lokacin da na buɗe. Na cire wata shida daga ciki na rubuta wata ranar a ƙasanta. In ta zo Kawu bai biya ba, Baba bai tambaya ba, ni na san hanyar bakin kogi, na kuma san motar Sennar.